Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tarihin Shirin Ɗalibin Sakandare na Shiga Jami'a a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar an buɗe rajistar jarrabawar shiga jami'a, akan ga 'yan ajin ƙarshe na makarantun sakandare sun yi dafifi a cibiyoyin rajista, iyaye kuma suna ta faɗi-tashin neman kuɗin biya. Mai hange daga nesa zai zaci a wannan lokaci ne shirin shiga jami'a yake farawa. Amma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da yawa daga cikin waɗannan yara, an riga an yanke hukuncin makomarsu tun shekara uku da suka wuce, ba tare da su ko iyayensu sun ankara ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ɗalibin sakandare a Nijeriya ya riƙa shirya wa shiga jami'a, tun daga zamanin Turawan mulkin mallaka har zuwa shekarar 2025. Abin nufi da shiri a nan shi ne duk abin da ake yi kafin a sami gurbi, wato zaɓen darussa, da zaɓen fanni da jami'a, da karatun jarrabawa, da tanadin kuɗi. A kowane zamani za a nemi amsar tambayoyi biyu: a wuyan wa nauyin shirin yake, kuma a wane mataki ne ƙofa take buɗewa ko rufewa? Za a ga cewa nauyin ya yi zagaye. Da farko yana wuyan mai neman ilmin, daga baya makaranta ta ɗauke shi, sannan ya sake komowa wuyan ɗalibi da iyayensa.

2.0 Kafin a Kafa Jami'a

Makarantar sakandare ta riga jami'a zuwa Nijeriya da kusan shekara 90. Mishan ɗin CMS ne ya buɗe ta farko a Legas a 1859, gwamnati kuma ta buɗe King's College a 1909. Wanda ya gama irin waɗannan makarantu, idan yana son digiri, hanyoyi uku ne a gabansa. Ko dai ya tafi Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, wadda aka danganta da Jami'ar Durham ta Ingila a 1876. Ko ya ƙetare teku, kamar yadda Nnamdi Azikiwe ya tafi Amurka a 1925. Ko kuwa ya zauna gida yana aiki da rana, yana karatu da dare ta hanyar wasiƙa, har ya rubuta jarrabawar Jami'ar Landan a matsayin ɗalibin waje. Ta wannan hanya ta uku ce Alvan Ikoku ya sami digirinsa a 1928, haka ma Obafemi Awolowo a 1944. Shirin irin waɗannan mutane bai wuce tara kuɗi da haƙuri da fitila ba, domin babu wata makaranta da ta ɗauki nauyin kai su.

A Arewa kuwa al'amarin ya sha bamban. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya yi bikin buɗe ta a 1922, ita ce ƙololuwar ilmin boko a yankin. Yaro ba ya neman shiga da kansa. Hukuma ce take zaɓo shi daga makarantar lardi, bisa shaidar malamansa da yardar jami'an ilmi. Manufar kwalejin ita ce samar da malaman makaranta, ba share fagen jami'a ba. Don haka ne Ahmadu Bello ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato bayan ya gama a 1931, Abubakar Imam a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a Midil ta Bauci. Sai a 1945, bayan ya shafe fiye da shekara goma yana koyarwa, sannan Tafawa Ɓalewa ya sami tafiya Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan. Ke nan hanyar ɗan Arewa zuwa ilmi mai zurfi ta wurin aiki take bi, ba ta cikin ajin sakandare ba.

Babbar Kwalejin Yaba, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1934, ita ce ta fara ba da ilmin gaba da sakandare a cikin ƙasa. Sa'adu Zungur ne ɗan Arewa na farko da ya shiga ta. Sai dai difloma take bayarwa ba digiri ba, kuma darajar takardar ba ta wuce iyakar Nijeriya ba, abin da ya jawo mata suka mai zafi daga 'yan bokon Legas.

3.0 Kwalejin Ibadan da Zamanin Aji Shida

Bisa shawarar Kwamitin Elliot, wanda ya miƙa rahotonsa a 1945, aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a watan Janairu na 1948 da ɗalibai 104, a ƙarƙashin kulawar Jami'ar Landan. Daga wannan lokaci ne za a iya cewa ɗalibin sakandare ya sami takamaimiyar ƙofa da zai nufa a cikin ƙasarsa. Bayan shekara huɗu, wato a 1952, aka kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAEC, ta fara aiki tare da hukumar jarrabawa ta Jami'ar Kambirij kafin daga baya ta tsaya da ƙafarta.

Tsarin da ya kafu a wannan zamani hawa biyu ne. A hawa na farko, ɗalibi zai yi shekara biyar a sakandare, ya rubuta jarrabawar satifiket, a ba shi daraja ta ɗaya, ko ta biyu, ko ta uku, gwargwadon ƙoƙarinsa a dukkan darussan a haɗe. A hawa na biyu, wanda ya yi zarra zai wuce aji shida, inda zai yi shekara biyu yana nazarin darussa uku masu zurfi tare da takardar ilmi na bai-ɗaya, sannan ya rubuta babbar jarrabawar da ake kira HSC. Wanda ya ci ta yakan shiga jami'a kai tsaye, ya yi digiri cikin shekara uku. Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, mai rassa a Zariya da Ibadan da Inugu, ita ma tana ba da irin wannan karatu.

Ya kamata a tsaya a dubi aji shida da kyau, domin shi ne ginshiƙin shirin shiga jami'a na wancan zamani. Ɗaliban ajin ba su da yawa, kuma galibi a makarantar kwana suke, ga ɗakin karatu ga ɗakin gwaje-gwaje. Malamin da ke koyar da su mai digiri ne, ya bi hanyar da ƙafarsa, ya san abin da kowane sashe na jami'a yake buƙata. Shi ne zai dubi yaro ya ce masa darussa kaza sun fi dacewa da shi, shugaban makaranta kuma ya rubuta masa takardar shaida. Bugu da ƙari, yaron ba ya yin zaɓen ƙarshe sai ya gama aji biyar, lokacin da hankalinsa ya fara nuna, ya kuma ga sakamakon jarrabawarsa ta farko. A taƙaice, makaranta ce ke fafe gorar, ta cika ta da ruwa, ta rataya wa matafiyi. Uban da bai taɓa shiga aji ba, ɗansa ba ya rasa jagora.

Duk da haka kuskuren zaɓe bai ƙare ba. Chinua Achebe ya shiga Ibadan a 1948 daga Kwalejin Gwamnati ta Umuahia da babban sukolashif na karatun likita. Bayan shekara guda ya ga cewa ba nan zuciyarsa take ba, ya koma nazarin Turanci da Tarihi da Addini, sauyin da ya sa ya rasa sukolashif ɗin, har sai da 'yan'uwansa suka tallafa masa. Buƙatar jagora ce ta sa a 1959 malaman Kwalejin Santa Teresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban domin su yi wa 'yammatan ajin ƙarshe bayanin sana'o'i da hanyoyin ci gaba da karatu. Masana sukan ɗauki wannan taro a matsayin mafarin aikin jagora da ba da shawara a makarantun Nijeriya.

Babban aibin wannan tsari shi ne ƙunci. Makarantu kaɗan ne suke da aji shida, kuma rabonsu bai daidaita ba. A 1957 akwai makarantun sakandare 176 a Kudu, alhali 18 ne kacal a Arewa. Wanda ya shiga tsarin ya sami gata, amma waɗanda ke waje sun ninka na ciki ba adadi.

4.0 Makarantun Share Fage

Kwamitin Ashby, wanda aka naɗa a 1959 ya kuma miƙa rahoto a 1960, ya ba da shawarar faɗaɗa ilmi mai zurfi. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe a 1960, a 1962 kuma aka sami ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Ife, da ta Legas, Ibadan ita ma ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Nsukka, wadda ta ɗauki salon Amurka, ta riƙa karɓar masu satifiket ɗin aji biyar ta hanyar jarrabawarta, su yi digiri na shekara huɗu. Wannan shi ne karo na farko da aka girgiza matsayin aji shida.

Jami'ar Ahmadu Bello kuwa ta tarar da wata matsala ta daban. An kafa ta domin ta samar wa Jihar Arewa ma'aikata, amma makarantun yankin ba sa fitar da isassun masu HSC, musamman a fannin kimiyya. A zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, a farkon shekarun 1970, jami'ar ta buɗe Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a a harabarta, inda ake ɗauko waɗanda suka gama aji biyar a horar da su kafin su shiga digiri. Jihohi ma suka buɗe nasu kwalejojin, kamar na Kano da Zariya, da kuma Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Arewa maso Gabas, wadda ta zama tushen Jami'ar Maiduguri a 1975. Gwamnatin Tarayya ta kafa irinsu a wurare kamar Sakkwato da Mubi da Ondo da Ogoja. A 1976 aka samar da jarrabawar IJMB a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello domin ta daidaita ma'aunin irin waɗannan kwalejoji.

Muhimmancin makarantun share fage shi ne, sun ba da damar gyara. Yaron da ya fito daga makarantar da ba ta da ƙwararren malamin kimiyya yakan sami shekara guda ko biyu ya cike giɓinsa a hannun malamai nagari, kuma sau da yawa gwamnatin jiharsa ce ke ɗaukar nauyinsa. Ɗimbin likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a na Arewa ta wannan gada suka ƙetare.

5.0 Kafuwar Hukumar JAMB

Kafin 1978 kowace jami'a tana da fom ɗinta, da jarrabawarta, da ranarta. Mai hali yakan sayi fom uku ko huɗu, ya yi ta zirga-zirga daga wannan gari zuwa wancan. Sakamakon haka sai ɗalibi guda ya sami gurbi a jami'o'i da dama, ya karɓi ɗaya ya bar saura babu kowa, alhali ga wasu can sun rasa. Da Gwamnatin Tarayya ta ƙara sababbin cibiyoyi bakwai a 1975, wato a Kalaba da Jos da Maiduguri da Sakkwato da Ilori da Kano da Fatakwal, sai rikicin ya wuce a zura masa ido. An kafa kwamiti a ƙarƙashin Michael Angulu, daga bisani kuma Dokar Soja mai lamba 2 ta 1978 ta kafa Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Jami'o'i, wato JAMB, shi Angulun ya zama magatakardanta na farko. A 1989 wata doka ta faɗaɗa aikin hukumar ya haɗa da kwalejojin fasaha da na ilmi.

Wannan sauyi ya canza ma'anar shiri ta fuskoki uku. Na farko, an tattara makomar ɗalibi a cikin zama guda: Turanci, wanda yake dole a kan kowa, da wasu darussa uku, jimillar maki 400, tambayoyin kuma na zaɓen amsa ne, irin wanda ɗalibai ke yi wa laƙabi da canki-canka. Shaidar shugaban makaranta ta daina tasiri, sai abin da takarda ta nuna. Na biyu, dole ɗalibi ya zaɓi jami'a da fanni tun a kan fom, kafin ya san makinsa. Wanda ya ɗora burinsa a kan fannin da ake tururuwa, kamar likita ko lauya, yakan rasa gurbi da makin da zai ishe shi shiga wani fannin cikin sauƙi. Kundin bayanai na hukumar, mai ɗauke da sharuɗɗan kowane fanni a kowace jami'a, ya zama shi ne sabon malamin aji shida, sai dai malami ne da ba ya magana sai an buɗe shi.

Na uku shi ne rabon gurabe. Bisa aƙidar daidaita wakilcin sassan ƙasa, wadda ta shiga tsarin mulki na 1979, an umurci jami'o'in tarayya su ba da kashi 40 cikin ɗari na gurabe bisa cancanta, kashi 30 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmi, kashi 10 kuma bisa ganin damar jami'a. Daga baya aka soke kason ganin dama, rabon ya koma 45 da 35 da 20. Jihohin da aka bari a baya sun haɗa da mafi yawan na Arewa da wasu na Kudu, irin su Ebonyi da Bayelsa. Har ila yau, manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi kashi 60 na gurabe ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni. An daɗe ana muhawara a kan adalcin wannan rabo, amma abin da ya shafi wannan maƙala shi ne, maki ɗaya yana iya buɗe ƙofa a wannan jami'a ya kasa buɗewa a waccan, gwargwadon jihar da ɗalibi ya fito. Wanda ya san haka yakan zaɓi jami'arsa da lissafi. Wanda bai sani ba yakan zaɓa da sha'awa kawai.

6.0 Tsarin 6-3-3-4 da Ranar Zaɓen Darussa

Taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 shi ya haifar da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977. Daga cikinta tsarin 6-3-3-4 ya fito: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. An fara aiwatar da shi a 1982, aka kuma rubuta jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko a 1988. Da wannan ne aji shida ya ɓace daga makarantun gwamnati. An raba shekarunsa biyu, ɗaya ta koma sakandare, ɗaya ta koma jami'a, amma aikin jagorar da yake yi ba a ba kowa gadonsa ba.

A sabon tsarin, ranar da ta fi kowace rana nauyi ita ce ranar da ake raba 'yan ajin farko na babbar sakandare zuwa ajin kimiyya, da na fasahar adabi, da na kasuwanci. Yaro mai kimanin shekara 15 ne ke fuskantar wannan zaɓe, kuma daga shi komai yake rataye. Mai son likita dole ya haɗa Fizik da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya, Lissafi da Fizik da Kemistiri. Mai son lauya kuwa, mafi yawan jami'o'i suna neman Adabin Turanci a wurinsa. A kan wannan kuma ana buƙatar kiredit biyar a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, Turanci a cikinsu, da Lissafi ga masu kimiyya da makamantansu. Yaron da ya bar Fizik a ajin farko don tsoron malami, ko don abokinsa ya bari, ko kuwa don makarantar ba ta da mai koyar da shi, ya rufe wa kansa ƙofar asibiti da ta masana'anta, amma ba zai ji ƙarar rufewar ba sai bayan shekara uku, ranar cike fom. Haka nan sharaɗin kiredit a Turanci ya fi yin nauyi a kan ɗan ƙauyen da ba ya jin harshen sai a cikin aji, ko da kuwa ya yi fice a sauran darussa.

Masu tsara manufar ba su manta da wannan haɗari ba, domin sun tanadi a naɗa jami'an ba da shawara a makarantun sakandare, kuma tun 1976 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa. Sai dai aiwatarwar ta zo daidai da lokacin da tattalin arziki ya karye, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986. A daidai lokacin ne kuma ɗimbin yaran da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwaso suka iso ƙofar jami'a. Azuzuwa suka cika, malamai suka yi ƙaranci, a makarantu da yawa kuma ofishin ba da shawara ya zama suna kawai.

Giɓin da makaranta ta bari, kasuwa ce ta cike shi. Cibiyoyin lesin suka yawaita a birane, littattafan tsofaffin tambayoyi suka zama abokan hira, haddar amsa ta fara danne fahimta. Maguɗin jarrabawa, wanda ya yi ƙaurin suna tun fitar tambayoyin WAEC a 1977, bai ragu ba duk da Dokar Soja mai lamba 20 ta 1984 da ta tanadi ɗaurin shekara 21, da kuma dokar 1999 da ta biyo baya.

7.0 Daga 1999 zuwa 2025

A 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa Hukumar Jarrabawa ta Ƙasa, wato NECO, mai hedikwata a Minna, wadda ta gudanar da jarrabawar kammala sakandare ta farko a 2000. Wannan ya ba ɗalibi dama biyu a shekara guda, ya kuma ɗora wa uba biya biyu. A 2005, saboda ƙorafin jami'o'i cewa makin wasu ɗalibai bai yi daidai da abin da ke kansu ba, aka ba su izinin yin tasu jarrabawar tantancewa bayan ta JAMB. An soke ta a 2016, aka maido da ita a 2017. Ta haka zirga-zirgar da aka kafa JAMB don kawar da ita ta dawo ta bayan gida.

A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'o'i da ta kwalejoji ta zama guda, mai suna UTME. An fara gwada rubuta ta da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma aka daina amfani da takarda da fensir. A 2017 hukumar ta ƙaddamar da tsarin ba da gurbi ta intanet, inda ɗalibi ke duba matsayinsa ya kuma karɓi gurbi ko ya ƙi da kansa, a 2021 kuma lambar shaidar ɗan ƙasa ta zama sharaɗin rajista. Waɗannan matakai sun rage sojan gona da cuwa-cuwar ba da gurbi, amma sun ƙara wa shiri sababbin rassa. Yaron da bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa yana kokawa da abu biyu a lokaci guda. Saɓanin harafi ɗaya tsakanin sunan da ke kan katin ɗan ƙasa da na takardar sakandare yana iya jawo wahalar watanni.

Rashin tabbas ma ya zama wani ɓangare na lissafi. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022, kowanne na tsawon watanni takwas ko fiye, ya sa gurabe suka cunkushe. A 2024 aka sanar da cewa shekara 18 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, kafin shekarar ta ƙare kuma aka mayar da ita 16. A 2025 kusan ɗalibai miliyan 2 ne suka rubuta UTME, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu suka sami ƙasa da maki 200. Bayan koke-koke, magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito fili ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi kusan ɗalibai 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawar.

Abin lura kuma shi ne, aji shida bai mutu ba, sauya riga ya yi. IJMB tana nan, an kuma sami JUPEB a 2014 a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas, ga kuma makarantu masu zaman kansu da ke shirya ɗalibai wa babbar jarrabawar Kambirij. Duk suna kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Bambancin kawai shi ne, abin da a da gwamnati ke yi wa haziƙi, yanzu galibi aljihun uba ne ke yi wa ɗansa.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, ƙofar jami'a ta faɗaɗa ƙwarai, daga ɗalibai 104 na 1948 zuwa masu nema kusan miliyan 2 a 2025, kuma babu mai hankalin da zai yi fatan komawa ƙuncin zamanin da. Na biyu, matakin yanke hukunci ya matso baya, daga ƙarshen aji biyar zuwa farkon babbar sakandare, wato ya faɗo a kan yaro tun bai gama sanin kansa ba. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, nauyin shiri ya koma gida, amma sanin hanyar bai bi shi zuwa kowane gida ba. Ɗan malamin jami'a yana jin sharuɗɗan fannoni a bakin tabarmar cin abinci. Ɗan manomi, wanda wataƙila ya fi shi kaifin basira, sai ya faɗi sau ɗaya ko sau biyu kafin ya gane inda ya yi kuskure. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Asarar kuma ba ta yaron ba ce shi kaɗai, ta garin da ya rasa likita ce, da makarantar da ta rasa malami.

Maganin da tarihin ya nuna bai kai tsadar gina sabuwar jami'a ba. Abin da aji shida da makarantun share fage suka yi, da abin da malaman Oke-Ado suka fara a 1959, duk abu guda ne: wanda ya san hanya ya zauna da wanda bai sani ba, tun da sauran lokaci. Idan har kowace makaranta za ta tara 'yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare da iyayensu, a buɗe musu kundin sharuɗɗan shiga jami'a, a yi musu bayaninsa da harshen da suka fi ji, kafin a raba azuzuwa, to, da an rage yawan masu zuwa tasha da gorar da ba a fafe ba.